Douglas Engelbart: Wanda ya ƙera linzamin kwamfuta, wasu suka kwashi ribarsa

Duk wanda ya taɓa shiga shagon buga takardu a Darmanawa ko Gyaɗi-Gyaɗi, ko ya zauna a gaban kwamfutar ofis a Sakatariyar Audu Baƙo, ya san ɗan abin nan da ake riƙewa a tafin hannu ana jan sa a kan tebur, 'yar kibiya tana bin sa a fuskar kwamfuta. Masana harshe sun raɗa masa linzamin kwamfuta, yaran kasuwar waya ta Farm Centre kuwa maus suke ce masa, kuma a tarkacen kayan kwamfuta yana cikin mafi araha. Mutumin da ya fara tunaninsa sunansa Douglas Carl Engelbart. Sunansa ne a kan takardar mallakar ƙirƙirar da gwamnatin Amurka ta bayar, amma har ya bar duniya ba a taɓa ba shi kason ko sisi daga cinikin linzamin ba, alhali an sayar da fiye da biliyan guda yana raye. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

An haife shi a ranar 30 ga Janairun 1925 a birnin Portland na Jihar Oregon, a arewa maso yammacin Amurka, shi ne na tsakiya cikin 'ya'ya uku. Mahaifinsa yana da shagon rediyo, ya kuwa mutu Douglas yana ɗan shekara tara, a daidai lokacin da karayar tattalin arziki ta gallabi ƙasar. A bayan gari ya tashi, a hannun mahaifiyarsa. Ya kammala sakandare a 1942, ya shiga kwalejin Jihar Oregon yana karatun injiniyan lantarki, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya katse masa hanzari. Rundunar sojan ruwa ta ɗauke shi, ta koya masa gyaran na'urar rada, ta tura shi ƙasar Filifin.

Abubuwa biyu ya tsinta a can waɗanda suka bi shi har kabari. Na farko ita kanta radar: ya ga yadda na'ura ke zana bayani a kan gilashi, mutum yana kallo yana yanke shawara nan take. Na biyu wata maƙala ce da masanin kimiyya Vannevar Bush ya wallafa a 1945, wadda Engelbart ya karanta a wani ɗan ɗakin karatu na ƙungiyar Red Cross a tsibirin Leyte. A cikinta Bush ya kwatanta wata na'ura ta mafarki, wadda za ta adana wa mutum littattafansa da takardunsa, ta kuma ƙulla zare tsakanin wannan bayani da wancan yadda zai iya bin sawunsu. A lokacin ko ƙyallin irin wannan na'ura babu.

Ya koma gida ya karɓi digirinsa a 1948, ya sami aiki a cibiyar binciken jiragen sama ta Ames da ke Kalifoniya. A Disambar 1950 aka yi masa baiko da Ballard Fish, wadda ya aura a shekarar da ta biyo. Kamar yadda ya sha ba da labari daga baya, a kwanakin baikon ne ya duba ya ga duk burin da ya taso da shi ya cika: ga karatu, ga aiki, ga aure a ƙofa, shekarunsa kuma 25 kacal. To, sauran rayuwar fa? Ya shafe watanni yana juya tambayar, har ya tsaya a kan matsaya guda. Matsalolin duniya suna ƙara sarƙaƙiya da gaggawa fiye da yadda basirar mutane ke iya bin su, don haka aikin da ya fi cancantar a ba shi rayuwa shi ne ƙara wa mutane ƙarfin yin tunani tare. Makamin da ya hango kuwa kwamfuta ce mai fuska irin ta rada, mutum na zaune a gabanta suna aiki kai-tsaye.

A tuna cewa a 1951 kwamfutocin duniya ƙidayayyu ne, kowace ta cika ɗaki, kuma da katin da aka huhhuda ake ba ta aiki, a dawo daga baya a karɓi amsa. Wanda ya ce mutum ɗaya zai zauna ya mallake ta yana rubutu, kallon mai taɓin hankali za a yi masa. Haka kuwa aka yi. Ya tafi Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya sami digirin digirgir a 1955, amma aka ba shi shawarar ya rufe bakinsa a kan wannan mafarki idan yana son ya daɗe a koyarwa. A 1957 ya koma Cibiyar Bincike ta Stanford, wadda aka fi sani da SRI, a garin Menlo Park. Nan ma sai da ya yi shekaru yana aikin wasu kafin a saurare shi.

A 1962 ya fitar da dogon rahoto a kan yadda za a bunƙasa basirar ɗan Adam. Akwai wani gwaji a cikinsa mai ban dariya da ban tunani: ya ɗaura bulo a jikin fensir ya yi rubutu da shi, don ya nuna yadda nauyin kayan aiki ke rage saurin rubutu, ya kuma taƙaita abin da mutum zai iya tunani a rubuce. Idan mugun alƙalami na iya dakushe basira, ashe nagari zai iya wasa ta. Rahoton ya kai hannun J.C.R. Licklider na hukumar binciken ma'aikatar tsaron Amurka, ARPA, kuɗi suka fara shigowa daga can da kuma hukumar sararin samaniya ta NASA, Engelbart ya kafa ɗakin bincikensa.

Katako mai ƙafa biyu

Matsalar da ta haifi linzami ƙarama ce a ido. Idan rubutu yana kan gilashi, da me mutum zai nuna wa na'ura kalmar da yake nufi? Akwai alƙalamin haske da sojoji ke amfani da shi, sai dai riƙe hannu a sama duk yini na gajiyarwa. Engelbart ya tuna da wani ma'aunin da injiniyoyi ke auna faɗin fili da shi a kan taswira, mai ƙananan ƙafafu masu juyawa, ya zana tunaninsa a littafin aljihu. A 1964 abokin aikinsa Bill English ya sassaƙa ɗan akwatin katako, ya sa masa ƙafafun ƙarfe biyu a ƙasa, ɗaya na auna tafiyar gaba da baya, ɗaya na auna ta dama da hagu, da maɓalli guda a sama. Wayar da ta fito daga jikinsa ta yi kama da wutsiya, shi ya sa mutanen ɗakin suka riƙa kiransa ɓera da Turanci. Sunan wasa ne, ya kuma zauna daram.

Ba su tsaya a kan son abin da suka ƙera ba. Sun jera shi da alƙalamin haske da sandar tuƙi da wata na'ura da ake turawa da gwiwa, suka sa mutane suna nuna kalmomi ana auna lokaci ana ƙirga kuskure. Akwatin katakon ya yi zarra.

A ranar 21 ga Yunin 1967 aka shigar da takardar neman mallakar ƙirƙirar, aka amince da ita a ranar 17 ga Nuwamban 1970 da lamba 3,541,541. Babu kalmar ɓera a sunan da aka yi mata rajista da shi. Ma'aunin matsayi a fuskar na'ura aka kira ta. Engelbart ne aka rubuta a matsayin maƙirƙiri, SRI kuma a matsayin mai mallaka, domin ma'aikacinta ne, da kuɗin da ta samo ya yi aikin.

Kafin takardar ta fito, duniya ta riga ta ga abin. A ranar 9 ga Disambar 1968, a wani babban taron masana kwamfuta a San Francisco, Engelbart ya zauna a gaban mutum kusan dubu, fuskarsa da fuskar kwamfutarsa suna bayyana a wani ƙaton allo. Ita kwamfutar tana can Menlo Park, tazarar kusan kilomita 50, an haɗa su ta iska da layukan waya. Cikin minti 90 ya rubuta jerin cefane, ya goge, ya sake jera shi, ya danna kalma ta kai shi wata takarda, ya raba fuskar gida-gida, sannan ya kira abokin aikinsa da ke can nesa, hotonsa ya fito, suka yi aiki a kan takarda ɗaya kowa da tasa kibiyar. Wato abin da ma'aikacin ofis ke yi a yau da Word da Zoom da shafukan intanet, an nuna shi a zama ɗaya kimanin shekara guda kafin a gama yaƙin basasar Najeriya. Mahalarta suka miƙe tsaye suna tafi. Bayan wata goma, a ranar 29 ga Oktoban 1969, saƙon farko na ARPANET, kakar intanet, ya taso daga Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya sauka a kwamfutar ɗakin bincikensa.

Daga wannan ƙololuwa sai gangara. Kuɗin gwamnati suka ja baya a farkon shekarun 1970. Kamfanin Xerox ya buɗe cibiyar bincike a Palo Alto, maƙwabciyarsu, ya yi ta ɗibar yaransa, har da Bill English a 1971. Ba kuɗi kaɗai ya kore su ba. Engelbart mutum ne mai taurin kai a kan abin da ya yi imani da shi. Shi a wajensa sauƙin koyo ba abin alfahari ba ne. Yakan kwatanta keke mai ƙafa uku da mai ƙafa biyu, na farko kowa zai hau ranar farko, na biyu sai an faɗi an tashi, amma shi ke kai mutum nesa. Tsarinsa na da umarni masu yawa da sai an haddace, da wani ɗan madanni mai maɓalli biyar da ake dannawa da hannun hagu kamar mai kaɗa molo. Matasan kuwa sun hango kwamfutar mutum ɗaya, mai sauƙi, wadda ba ta jiran babbar uwa a wani ɗaki. Kasuwa ta bi bayansu. A ganina duka ɓangarorin biyu suna da gaskiya, sai dai gaskiyar matasan ce ke da mai saye a lokacin.

A 1976 gidansa ya ƙone. Kafin shekarun 1970 su ƙare SRI ta sayar da ɗakin binciken ga kamfanin Tymshare, shi kuma McDonnell Douglas ya saye Tymshare a 1984. Mutumin da ya nuna wa duniya gobenta ya koma ma'aikacin da ba a cika neman shawararsa ba, har ya ajiye aiki a 1986.

Shekara 17 da suka ƙare da wuri

A can Xerox an sauya ƙafafun biyu da ƙwallo guda mai juyawa ta kowace fuska, kamfanin ya kuma yi wa nasa samfurin rajista. Steve Jobs ya ziyarci cibiyar a 1979, ya ga linzami da tagogi, Apple ya fitar da Lisa a 1983 da Macintosh a 1984. SRI ta ba Apple lasisin amfani da ƙirƙirar a kan kuɗin da Engelbart ya ce bai wuce kimanin dala 40,000 ba. A dokar Amurka ta wancan zamani takardar mallaka shekara 17 take yi daga ranar da aka ba da ita, don haka tasa ta mutu a 1987, kafin Windows ta game ofisoshin duniya a shekarun 1990. Ya yi sammako, kasuwar ba ta ci ba sai da ya naɗe tabarmarsa. A 2008 kamfanin Logitech shi kaɗai ya sanar da cewa ya ƙera linzami na biliyan ɗaya.

Abin lura shi ne iyakar abin da takardar ta kare. Na'ura ta kare, mai ƙafafu da wayoyi. Sauran abubuwan da ya nuna a 1968, irin su mahaɗar da ake dannawa da aikin mutum biyu a kan takarda ɗaya, ba a yi musu rajista ba, domin a lokacin ofishin rajista ba ya maraba da manhaja. A 1972 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da cewa tsarin lissafi tsagwaronsa ba ya mallakuwa. A 1981 ta sassauta, ta ce idan an saka lissafin cikin wani aikin masana'anta na zahiri, ana iya ba da takarda. Ta wannan kafa dubban takardun manhaja suka kwararo. Har kamfanin sadarwa na Birtaniya, BT, ya kai kamfanin Prodigy ƙara a 2000 yana cewa shi ke da mallakar mahaɗar intanet. Masu sukar ƙarar suka yi ta nuni da fim ɗin Engelbart na 1968, tunda doka ba ta ba mutum mallakar abin da wani ya riga ya nuna a bainar jama'a. A 2002 kotu ta kori ƙarar, ko da yake a kan wani dalili daban: ta ce abin da takardar BT ta bayyana ba shi ne intanet ba.

Rigimar ta fi tsanani a kan ita kanta 'yar kibiyar. Tun a 1954 wani masanin halayyar ɗan Adam, Paul Fitts, ya gano ƙa'idar da ke faɗin tsawon lokacin da hannu zai ɗauka kafin ya kai ga abin da ya nufa: gwargwadon nisan abin da ƙanƙantarsa, gwargwadon daɗewar. A 1978 Stuart Card da Bill English da wata abokiyar aikinsu suka nuna cewa linzami ma wannan ƙa'ida yake bi. Daga nan tunani ya buɗe. Hannu yakan fara da sauri ya rage gudu idan ya kusa isa, saboda haka manhaja za ta iya duba alƙiblar kibiya da saurinta, ta yi hasashen inda ta dosa, ta faɗaɗa wurin ko ta jawo shi kusa. Mai wayar iPhone yana cin moriyar irin wannan dabara kullum bai sani ba: madannin yana faɗaɗa wa harafin da yake zaton shi ne na gaba wurin taɓawa a ɓoye. (Mai rubuta Hausa da madannin Turanci ya san yadda hasashen na'ura ke zama ɓarna idan ba ta san harshen ba.)

To, wa ke da wannan? Ƙa'idar Fitts gano ta aka yi, kamar nauyin da ke jawo mangwaro ƙasa, ba mai iya yi mata rajista. Takamaimiyar hanyar aiki da ita kuwa kamfanoni sun nema sun samu. Apple ya sami takarda a 2008 a kan layin gumakan Mac waɗanda ke kumbura idan kibiya ta matso. Tsakanin waɗannan biyu akwai fili mai faɗi da lauyoyi ke kiwo a ciki. A 2014, shekara guda bayan mutuwar Engelbart, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Alice cewa ɗaukar tunani na gama-gari a ce kwamfuta ta aiwatar da shi bai isa ƙirƙira ba. Yarjejeniyar Turai ma ta cire manhaja tsagwaronta daga jerin abin da ake mallaka, sai in ta warware wata matsala ta fasaha. Wanda ya ce ya mallaki hasashen inda kibiya za ta je, da wuya kotu ta saurare shi a yau. Wanda ya zo da sabuwar hanya takamaimiya, ya kuma nuna ba a riga shi ba, yana da abin faɗa.

Mu ma nan gida batun bai yi mana nisa ba. Dokar mallakar ƙirƙira da zane ta Najeriya a 1970 aka yi ta, shekarar da Engelbart ya karɓi takardarsa, kuma har yanzu ita ke aiki. Tana ba da kariyar shekara 20, tana sharɗanta cewa abin ya zama sabo, ya fito daga basira, ya kuma yi amfani a masana'anta, ta kuma ce ƙa'idoji da binciken kimiyya ba ƙirƙira ba ne. Amma magatakardan da ke Abuja cikar takardu yake dubawa, ba ya binciken ko abin sabo ne. Sai an je Babbar Kotun Tarayya ake sanin ƙarfin takardar. Manhaja kuwa dokar haƙƙin mallaka ce ke kare ta a matsayin rubutu. Akwai kuma sashen da ya kamata ma'aikaci ya sani: abin da ya ƙirƙira a bakin aiki na wanda ya ɗauke shi aiki ne, ko da yake doka ta ba shi damar neman lada mai dacewa idan ƙirƙirar na da muhimmanci na musamman, ko idan ƙirƙira ba ta cikin aikin da aka ɗauke shi ya yi amma ya yi amfani da kayan ofis. An ma taɓa gwabzawa a kan kayan shigar da rubutu: a 2007 kamfanin Lancor, mai madannin Konyin da ke ɗauke da haruffan harsunan Najeriya, har da masu ƙugiya irin namu, ya kai shirin One Laptop per Child ƙara a Legas, yana zargin an kwaikwayi zanensa, yana neman diyyar dala miliyan 20.

Shi dai Engelbart bai ɓata ƙarshen rayuwarsa a kotu ba. A 1988 shi da 'yarsa Christina suka kafa wata ƙaramar cibiya don yaɗa tunaninsa, Logitech ya ba su ofis kyauta. Abin da ya fi ci masa rai, a cewar waɗanda suka zauna da shi, shi ne yadda duniya ta ɗauki linzamin ta bar babban burin, wato jama'a su haɗa basira su warware matsalolinsu. Girmamawa ta zo a makare, ta kuma zo a jere. A 1997 aka ba shi kyautar Lemelson-MIT ta dala 500,000 da kyautar Turing, mafi daraja a ilimin kwamfuta, a shekarar da matarsa Ballard ta mutu bayan aure na shekara 46. A 2000 Shugaba Bill Clinton ya rataya masa lambar yabo ta ƙasa a fannin fasaha. Ya sake aure a 2008. Cutar mantuwa ta kama shi a shekarunsa na ƙarshe, ya mutu a gidansa da ke Atherton a ranar 2 ga Yulin 2013 sakamakon ciwon ƙoda, yana da shekara 88, ya bar 'ya'ya huɗu.

A shekarar da ya mutu ne hukumar JAMB ta fara jarraba ɗalibai da kwamfuta. Da aka ga yara da yawa, musamman na karkara, hannunsu na rawa a kan linzami, kibiya na tsere musu, sai a 2017 hukumar ta fito da tsarin maɓallai takwas, yadda ɗalibi zai amsa tambaya, ya wuce gaba, ya koma baya, ya miƙa jarrabawarsa ba tare da ya taɓa linzamin ba. Ƙannensu kuma da ke tasowa yanzu a Tarauni da yatsa suka fara sanin na'ura, a kan gilashin waya, inda babu kibiya sam.